Littafin aikin kulob ɗin kimiyya: DNA da binciken laifi

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau Malamar bayoloji ta raba wa ’yan kulob ɗin kimiyya ayyukan da za su nuna a baje kolin makaranta, ni da abokiyar zamana muka tashi da batun DNA da amfaninsa wajen binciken laifi. Ta gargaɗe mu da kada mu kawo mata kwali mai zane kamar yadda aka saba, domin abin da hannunmu ya yi take son gani, kuma ta ce kowace ƙungiya ta riƙa rubuta aikinta da kwanan wata, har da abin da ya lalace da kuɗin da aka kashe. Mun tsayar da abu biyu. Za mu fitar da DNA daga wani abu mai rai har ido ya gan shi, sa’an nan mu haɗa ƙaramar na’ura da za ta nuna yadda masu bincike suke kwatanta abin da aka tsinta a wurin laifi da na waɗanda ake zargi. Kuɗin da ke hannunmu naira 12,000 ne, rabi daga asusun kulob, rabi daga gida.

Zan rubuta abin da nake zato a yau domin in waiwaye shi daga baya: a ganina idan aka sami ɗigon jini aka kai ɗakin gwaji, magana ta ƙare, an gano mai laifi.

Laraba, 15 ga Janairu

Darasin yau ya zo mana daidai. A cikin cibiyar kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai kuromosom 46, rabi daga uwa, rabi daga uba, kuma a kansu aka naɗe zaren DNA wanda haruffa huɗu ne kawai suke ta maimaituwa a cikinsa, A da T da G da C, har kimanin biliyan 3 a kowane rabi. Mutane biyu, ko da ɗaya Bazazzagi ne ɗaya ɗan Sin, sun yi tarayya a kusan kashi 99.9 cikin 100 na waɗannan haruffa, don haka duk binciken laifi a kan ɗan ragowar nan ya rataya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jajayen ƙwayoyin jini ba su da cibiya, wato DNA ɗin da ake samu a tabon jini daga fararen ƙwayoyin yake fitowa, su da suka fi ƙaranci.

Malama ta kawo misalin da kowa a ajin ya sani, wato gwajin jini kafin aure. Ciwon sikila, wanda da wuya a sami unguwar da ba ta da mai fama da shi, ya samo asali ne daga canjin harafi ɗaya tak a cikin umarnin da jiki ke bi wajen ƙera sinadarin da ke ɗaukar iska a jini. Ajin ya yi tsit da ta faɗi haka. Ta kuma ce wanda ya fara ware DNA, Friedrich Miescher, a 1869 ya yi hakan a Jamus, kuma daga mugunyar da ke jikin bandejin marasa lafiya ya samo shi, shekaru 84 kafin Watson da Crick su bayyana siffarsa ta murɗaɗɗen tsani a 1953, bisa taimakon hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin.

Asabar, 18 ga Janairu

Gwajin farko, a tsakar gidanmu, kuma bai yi ba. Mun sayo ayaba ta naira 500, da kwalbar sifirit daga kyamis a kan 1,200, da sabulun ruwa na wanke-wanke na 600. Mun dama ayaba ɗaya a cikin leda da ruwa rabin kofi da ɗan gishiri, muka zuba sabulu cokali ɗaya, muka tace da farin ƙyalle. Aikin sabulun shi ne ya farfasa bangon ƙwayoyin, wanda da kitse aka gina shi, kamar yadda yake narkar da maiƙo a kwano. Gishiri kuwa yana sa zaren ya dunƙule. Sifirit kuma, da yake DNA ba ya narkewa a cikinsa, shi ne zai sa ya taso a gan shi.

Kurakuranmu uku ne, kuma duk na gaggawa ne. Tun dare aka ɗauke wuta, sifirit ɗin da muka ajiye a firji bai yi sanyi ba, muka ce ai hunturu ake yi, zai wadatar. Na biyu, na jijjiga ledar da ƙarfi bayan zuba sabulu, kumfa ta cika ko’ina. Na uku, maimakon mu tsiyaya sifirit a hankali ta gefen kofin gilashi domin ya kwanta a sama, sai muka kwarara shi tsakiya ya gauraye da komai. Abin da muka samu ruwa ne mai kauri da kumfa. Inna ta leƙo ta ce in da ta san haka za a yi da ayabar, da ta ba yara sun ci. Saura naira 9,700.

Talata, 21 ga Janairu

Ba mu yi komai ba, gwajin lissafi ya sha kanmu.

Asabar, 25 ga Janairu

Alhamdu lillahi, yau ya fito. Mun sayi ƙanƙara ta naira 300 muka binne kwalbar sifirit a ciki tsawon awa guda, muka juya sabulun a hankali da cokali, muka bar haɗin ya huta minti 10 kafin tacewa. Da sifirit mai sanyi ya kwanta a kan ruwan ayabar, sai wani farin abu mai yauƙi ya fara taruwa a inda suka haɗu, muka naɗo shi da tsinken tsire. Ƙanena ya ce majina ce, kuma ban ga laifinsa ba, don kamar ta ɗaya. Na kuma gwada da yawuna: na kurkure baki da ruwan gishiri tsawon minti ɗaya, na tofa a kofi, na bi matakan, sai ga zare siriri ƙwarai, wanda sai an ɗaga kofin wajen haske ake ganinsa.

Na aika wa Malama hoto ta wayar Inna, ta yi murna, amma ta ce kada mu rubuta a kwalinmu cewa tsantsar DNA ne, saboda a cikin farin abin akwai furotin da wasu sinadaran ayabar da suka biyo shi. Ta ƙara da tambayar da ta rage mini zumuɗi: in an ajiye zaren yawuna da na abokiyata gefe da gefe, wa zai iya bambance su da ido? Babu. Fitar da DNA shi ne mataki mafi sauƙi, karanta shi ne aikin. Ayaba 400, ƙanƙara 300, saura 9,000.

Laraba, 29 ga Janairu

Bayan an tashi daga makaranta Yaya, wanda ke karatu a Jami’ar Ahmadu Bello, ya tafi da mu Samaru ya nemo mana bayanai a intanet, muka buga shafukan da muke buƙata. Kuɗin mota da bugawa sun ci 1,200.

Wanda ya buɗe hanyar bambance mutane ta DNA shi ne Alec Jeffreys na Jami’ar Lesta a Ingila, a watan Satumba na 1984. Ya lura cewa akwai wurare a cikin DNA inda wasu haruffa suke maimaita kansu a jere, kuma yawan maimaicin ya bambanta daga mutum zuwa mutum, yana kuma bin gado. Karon farko da aka yi aiki da dabarar, a 1985, ba ma shari’ar laifi ba ce. Wani yaro ne ɗan asalin Gana da jami’an shige da fice suka yi shakkar cewa ɗan matar da yake kira uwarsa ne, gwajin ya tabbatar da cewa ɗanta ne.

Shari’ar kisan da ta biyo baya ita ce na karanta har sau uku. An kashe ’yan mata biyu masu shekara 15 a ƙauyukan da ke kusa da Lesta, ɗaya a 1983, ɗaya a 1986. ’Yan sanda suka kama wani saurayi ɗan shekara 17, ya amsa cewa shi ya yi kisa na biyu, sai suka kai wa Jeffreys samfura da nufin ya tabbatar musu shi ya yi na farkon ma. Sakamakon ya nuna mutum ɗaya ne ya aikata duka biyun, kuma ba saurayin ba ne. Wato mutum na farko da DNA ya taɓa a shari’ar kisa wanke shi ya yi, duk da ya amsa laifi da bakinsa. Daga nan aka ɗebi jini da yawun maza kusan 5,000 na yankin, ba a sami kowa ba, domin mai laifin, Colin Pitchfork, ma’aikacin gidan burodi, ya lallaɓa wani abokin aikinsa ya je ya ba da jini da sunansa. Sai da abokin ya yi suɓutar baki a cikin hira, wata mata da ta ji ta kai rahoto, aka kama Pitchfork a 1987, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 1988. Na’ura ba ta yi kuskure ba ko sau ɗaya a wannan shari’a, amma da matar nan ta yi shiru, da ya sha.

A yau ba a buƙatar babban tabo kamar zamanin Jeffreys, saboda dabarar PCR da Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983 tana ninka ɗan guntun DNA zuwa miliyoyi cikin ’yan sa’o’i. A Amurka wurare 20 na cikin DNA ake dubawa tun 2017, a da 13 ne. Na yi lissafin gwaji da kaina: da a ce a kowane wuri mutum ɗaya cikin 10 ne yake da irin nawa, to dacewa a wurare 13 a jere zai zama ɗaya cikin tiriliyan 10. Yaya ya ce lissafin ya yi, amma na baƙi ne da ba su haɗa jini ba. ’Yan uwa na ciki ɗaya sun yi tarayya a kusan rabin abin da suka gada, tagwaye masu kama ɗaya kuwa gwajin da aka saba yi ba ya raba su, kuma a gida irin namu da ake auren zumunci tun kakanni dole a yi hattara da irin wannan ninki.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na je Tudun Wada gaishe da Kawu, wanda ya yi ritaya daga aikin ɗan sanda, na ba shi labarin aikinmu. Da yake sunan mahaifiyarsa gare ni, uwata yake ce mini. Ya saurara har na gama, sa’an nan ya ce, “Uwata, kafin a kai ga kwalbar gwajinki, wa ya tsare wurin?” Ya ce a shekarun aikinsa da wuya ya isa inda aka yi ɓarna bai tarar da rabin unguwa a ciki ba, wannan ya ɗaga wuƙa ya duba, wancan ya jawo tabarma, mata sun share sun wanke jini domin kada yara su gani, ga dangi suna hanzarin yi wa mamaci sutura kamar yadda addini ya koyar. Babu mai mugun nufi a cikinsu, amma kowanne ya bar nasa ya kwashe na wani. Na ce, “Kawu, ai wannan ita ce ƙa’idar Edmond Locard, Bafaranshen da ya buɗe ɗakin binciken ’yan sanda a Liyon a 1910, cewa duk abu biyu da suka haɗu sai sun bar wa juna alama.” Ya yi dariya ya ce shi bai san Bature ba, amma ya san wanda ya shiga gidan mai daddawa ba ya fita ba wari.

Ya kuma tuna mini nisan da ke tsakanin Zariya da ɗakin gwaji. Jihar Legas ta buɗe cibiyarta ta binciken DNA a 2017, kuma samfurin da zai yi doguwar tafiya irin wannan sai an busar da shi an sa a ambulan na takarda, domin leda tana riƙe danshi, danshi kuma yana ruɓar da shi. Duk hannun da kayan shaida ya bi sai an rubuta suna da lokaci, in ba haka ba lauya zai rusa shi a gaban alƙali cikin minti biyar.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

A Islamiyya na tambayi Malam matsayin irin wannan shaida. Ya ce, “’Yata, ai kin karanta Suratu Yusuf.” Riga ta zo da jini a farkon surar, amma jinin ƙarya ne, Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, bai yarda da labarin ba. Riga ta sake zuwa a gidan Aziz, aka duba ta ina ta yage, aka ga ta baya ne, gaskiya ta bayyana. Ya ce malaman fiƙihu suna kiran irin wannan ƙarina, wato alamar da alƙali yake auna ta tare da sauran hujjoji, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke a 2002 cewa ana iya dogaro da gwajin DNA a binciken laifuka, ban da waɗanda ke da haddi ko ƙisasi. Zan sa misalin rigunan nan biyu a jawabinmu.

Talata, 4 ga Fabrairu

Mun fara na’urar. Ƙa’idarta ita ce DNA yana da cajin lantarki mai alamar ɗebewa, don haka in an sa shi a cikin abu mai kauri aka kunna wuta, sai ya nufi ɓangaren alamar tarawa, gajerun guntaye su yi gaba, dogaye su maƙale a baya, a sami layuka. Kusan haka ake raba AA da AS da SS a asibiti. Mu ba mu da sinadaran yanka DNA ko na rina shi, saboda haka kalar kek za ta tsaya a madadinsa, kuma za mu faɗi hakan ƙarara ga duk wanda ya zo kallo.

Sayayya a kasuwar Sabon Gari: batir mai bolt 9 guda biyar, 3,500, kala ja da rawaya da shuɗiya, 1,200, sodan gashin kek, 300, sirinji ɗaya, 150. Saura 2,650. Mun gwada dafaffen sitaci a cikin robar sabulu, ya ƙi kamewa, ramukan zuba kala da muka huda da mataji na roba suka rufe da zarar mun zare shi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Malama ta samo mana garin aga, wanda ake shuka ƙwayoyin cuta a kansa, daga wata ƙawarta. Giram 1 a ruwan soda mililita 100, aka tafasa, ya kame kamar agidi, ramuka suka tsaya. Sai waya ta ba mu matsala. Mun yi amfani da wayar tagulla, cikin ’yan mintuna ta ɓangaren alamar tarawa ta fara cinyewa, ruwan ya rine ya yi shuɗi-shuɗi, muka tsaya muna kallo batura suna ƙarewa a banza. Kalar ma ta taso ta watse a ruwa maimakon ta zauna a rami.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Mun maye wayar da bakin fensir da muka fere, muka dama kowace kala da sukari domin ta yi nauyi ta nutse. Sabbin batura biyu, 1,400. Bayan kusan minti 40 rawaya ta yi nisa, ja na biye, shuɗiya a baya. Saura 1,250.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Yau muka yi gwajin shari’ar da muka shirya a gaban ’yan aji uku na ƙaramar sakandare, kuma na ji kunyar da ban taɓa ji ba a ɗakin gwaji. Labarin shi ne an fasa akwatin kulob, ɓarawo ya yanke a hannu ya bar jini, ana zargin mutum huɗu. Na ɗaya haɗin rawaya da shuɗi ne, na biyu ja da shuɗi, na uku rawaya da ja, na huɗu duka ukun. Samfurin wurin laifi daga kwalbar na biyu muka ɗebo shi. Ni na ɗura su a ramuka a ɗakin ajiya, yaran kuwa sakamako kawai za su gani su yanke hukunci.

Da lokaci ya cika, layin wurin laifi ya fito da ja da shuɗi, ga kuma rawaya a can gaba. Yaran suka haɗa baki suka ce na huɗu ne ɓarawo, har wani yana cewa a kai shi caji ofis, kuma bisa abin da ke gabansu ba su yi kuskure ba. Ni kaɗai na san abin da ya faru: sirinji ɗaya gare mu, na ɗura na uku da shi, na ɗauraye shi sama-sama, na ɗebi samfurin wurin laifi. Don tsimin naira 150 na ɗaura wa marar laifi sata.

Malama ba ta yi faɗa ba. Ta sa yaran su sake dubawa, har wata ta lura rawayar ta fi ta layin na huɗu dusashewa, ta ce masu bincike na gaske ma da irin wannan rashin daidaito suke gane cewa samfur ya gauraya. Sa’an nan ta ba mu labarin Jamus, inda ’yan sanda suka shafe shekaru suna farautar wata mata da DNA ɗinta ya bayyana a wuraren laifi kusan 40 a Jamus da Ostiriya da Faransa, har da kisan wata ’yar sanda a Heilbronn a 2007. A 2009 aka gano matar ma’aikaciya ce a masana’antar da ke yin tsinken audugar da ake shafo samfur da shi. DNA ɗin nata ne da gaske, amma ba ta taɓa taka ko ɗaya daga wuraren ba. Na koma shafin 13 ga Janairu na karanta abin da na rubuta, na bar shi yadda yake.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Sirinji biyar, 750, kowanne da lambarsa a jiki. Mun sake gwajin, na biyu ya fito sarai. Saura naira 500.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Mun yi gardama da abokiyata. Ita tana son mu nuna gwajin da ya yi kyau kawai, saboda alƙalan baje koli maki suke bayarwa, ni kuwa ina son mu ajiye roba biyu a kan tebur, mai tsabta da gurɓatacciya, mu bar masu kallo su fara yanke hukunci a kan ta biyun kafin mu gaya musu abin da sirinji ya yi. Malama ta goyi bayan roba biyu, da sharaɗin mu ƙara rami ɗaya da ba a sa komai a ciki sai ruwan sukari, wanda in kala ta fito a layinsa an san kayan aiki ba su da tsabta.

Roba biyu na nufin sababbin batura biyar a ranar, wato 3,500, ga ƙanƙara da ayaba, mu kuwa 500 gare mu. Ranar Litinin za mu rubuta wa shugaban kulob takardar neman ƙari. Garin aga da ya rage zai yi zubi uku, don haka gwaji ɗaya kawai za mu ƙara kafin ranar. Kawu ya yi alkawarin zuwa, ya ce zai kawo ambulan na takarda ya nuna wa yara yadda ake rufe kayan shaida a sa hannu a kan bakinsa.